Bayani A Kan Ciwon Tsakiyar Kunne Ga Yara, Da Sababinsa, Da Maganinsa

 Zancen wannan mako a kan kunne ne, da wata cuta da ke kama shi tun yaro yana goye, wadda mutane suka raina ƙwarai, alhali kuwa ɓarnarta tana bin mutum har tsufansa.

Da wuya a rasa yaro guda a makaranta wanda a ke kuka da shi. A biya masa, ya maimaita ba daidai ba. A kira shi daga baya, ba ya waiwayowa sai an ɗaga murya. A aike shi sayen gishiri, ya komo da kanwa. Sai a ce wane ba ya ji, wane kunnen ƙashi gare shi, a sa masa bulala. To, kalmar nan "ba ya ji" fuska biyu gare ta. Akwai wanda ba ya ji don taurin kai, akwai kuma wanda ba ya ji don muryar ba ta isa gare shi. Da za a jawo yaron nan a duba, wataƙila a ga busasshiyar mugunya a bakin kunnensa, ko a ga ƙuda na binsa, ko a ji wari. Da za a tambayi uwarsa, sai ta ce ai tun yana jariri kunnen ke ruwa, ya tsaya ya dawo. Wanda aka doka a kan abin da bai ji ba an zalunce shi, ko da mai dukan bai sani ba. Saboda haka ya kamata duk wanda aka ba amanar yaro ya san asalin wannan cuta.

Fasali na farko, a kan yadda kunne ya ke

A sani kunne ɗaki uku ne, kamar gida mai zaure da ɗakin tsakiya da ƙurya. Zauren shi ne wanda ido ke gani, tare da ramin da ya shiga ciki, tsawonsa ga babban mutum wajen inci guda. A ƙarshen ramin nan akwai wata fata a ɗame kamar fatar kalangu, faɗinta wajen santimita 1, kaurinta kamar na takarda. Ita ce a ke kira dodon kunne. Bayanta ɗakin tsakiya ya ke, wani ɗan sarari ne mai iska, a cikinsa akwai ƙasusuwa uku ƙanana a haɗe da juna. Masana sun sa musu suna bisa ga kamanninsu, watau guduma, da maƙera, da likkafa. Likkafar nan ita ce mafi ƙanƙanta cikin ƙasusuwan ɗan Adam duka, tsawonta wajen milimita 3, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙurya kuwa tana can cikin ƙashin kai, a naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa, kuma daga nan jijiyar ji ta tashi zuwa ƙwaƙwalwa.

Idan aka yi magana, muryar takan shiga rami ta kaɗa dodon kunne, shi kuma ya motsa guduma, guduma ta motsa maƙera, maƙera ta motsa likkafa, likkafa ta kaɗa ruwan ƙurya, sa'an nan mutum ya ji. Wannan aiki ba ya tafiya daidai sai ɗakin tsakiya yana bushe, da iska a ciki. Ganga in ta cika da ruwa ba ta amo.

Iskar kuwa ta wata 'yar hanya ta ke shiga, wadda ta taso daga ɗakin tsakiya ta sauka bayan hanci, bisa maƙogwaro. Yawanci a rufe ta ke, sai mutum ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma ta buɗe. Duk wanda ya hau mota zuwa Jos, ko ya shiga jirgin sama zuwa Jidda, ya san yadda kunne kan toshe, in ya haɗiyi yawu ya ji ya buɗe. To, aikin wannan hanya ke nan. Turawa suna kiranta da sunan wani likitan Italiya, Bartolomiyo Yustaki, wanda ya bayyana ta, ya rasu a 1574.

Magabata ba su bar zancen kunne ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ware wa cututtukan kunne fanni guda a kashi na uku na littafinsa Alƙanun. Zahrawi na Andalus kuma ya siffanta kayan aikin fitar da abin da ya faɗa kunne. Amma ƙwayoyin da ke haddasa mugunya ba a gan su ba sai da madubin ƙara girman abu ya samu, kuma babbarsu a wannan cuta sai a 1881 aka gano ta.

Fasali na biyu, a kan sababi

Ciwon tsakiyar kunne ba daga waje ya ke shiga ba, daga hanci ya ke hawowa. Farkonsa mura ce. Idan mura ta kama yaro, cikin hancinsa ya kumbura, bakin 'yar hanyar nan ma sai ya kumbura ya toshe. Iskar da ke ɗakin tsakiya jiki ya shanye ta, wata ba ta shigo ba, sai ruwa ya taru a wurin. Ƙwayoyin cuta da ke zaune bayan hanci su samu hanya su hau, su tarar da ruwa mai ɗumi a rufe, su hayayyafa, ruwan ya zama mugunya. Mugunya ta cika ɗaki ta tura dodon kunne waje, kamar salka da aka cika ta fiye da kima. Wannan turawar ita ce azabar da ke hana yaro barci.

Ƙwayoyin nan iri biyu ne. Akwai bairas, masu kawo mura, waɗanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa su. Akwai kuma bakteriya, manyansu uku: numokokas, wadda ita ce kuma ke kawo ciwon haƙarƙari da wani irin sanƙarau, da hemofilus, da moraksela.

Mai tambaya zai ce, don me cutar ta fi kama yara? Dalili shi ne ƙirar hanyar. Ta babban mutum tsawonta wajen milimita 35 ne, kuma a gangare ta ke, ruwa na zurarewa ƙasa. Ta jariri kuwa rabin wannan ce, wajen milimita 18, tana kusan kwance, ga ta da taushi. Abin da ke hanci nan da nan ya isa kunne, wanda ke kunne kuma ba ya saurin fita. Har wa yau jikin jariri bai riga ya saba yaƙi da ƙwayoyin cuta ba, kuma akwai wani nama bayan hancin yara da kan girma ya tare bakin hanyar. Saboda haka cutar ta fi yawa tsakanin wata 6 da shekara 2, in yaro ya kai shekara 7 sai ta yi ta raguwa.

Yawanta kuwa ya wuce yadda a ke zato. Wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka, aka buga a 1989, ya nuna cikin yara 100, sama da 80 sun yi wannan ciwo aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara 3. Wani lissafi na duniya duka da aka buga a 2012 ya ƙiyasta ana kamuwa da shi sau miliyan 709 kowace shekara, rabi yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma Afirka ta Yamma da ta Tsakiya su ne kan gaba.

Abubuwan da ke ƙara jawo shi sanannu ne. Na ɗaya hayaƙi, na taba da na itace, domin yana kumbura hanci ya raunana hanyar, kuma jaririn da ke goye uwarsa na tsaye kan murhu cikin madafa marar taga shi ya fi kowa shaƙa. Na biyu rashin nonon uwa, da shayar da jariri da bulumboti yana kwance rigingine. Na uku cunkoso, yara da yawa a ɗaki guda, ɗaya ya yi mura duka su ɗauka, balle lokacin hunturu da a ke rufe ƙofa a hura wuta. Na huɗu ƙyanda, wadda sau da yawa takan wuce ta bar kunne yana zuba. Na biyar ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa shi ma yana yawan fama da shi.

Fasali na uku, a kan alamomi

Yaro mai wayo zai ce kunnensa na ciwo, ko ya ce ya toshe. Jariri kuwa ba shi da baki sai kuka. Za a ga ya yi kwana biyu ko uku yana mura, sa'an nan zazzaɓi ya taso, ya dinga kuka musamman da dare in an kwantar da shi, ya kama nono ya saki, domin tsotso da haɗiya suna ƙara masa zafi. Wani yakan dinga jan kunne ko murza shi, wani yakan yi amai ko zawo. Sau da yawa a kan ce haƙori ne, don lokacin fitar haƙori da lokacin wannan ciwo sun zo ɗaya. Amma fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, kuma ba ta sa kunne ruwa. Waɗansu kuma su ce beli ne, a kira wanzami. Beli ba ruwansa da ɗakin tsakiyar kunne, yanke shi ba ya fitar da mugunya, sai ƙarin ciwo da zubar jini.

In abin ya yi tsanani, wata safiya sai a tarar da mugunya a kan matashi, wani lokaci da ɗan jini, yaro kuma ya yi shiru, zazzaɓi ya sauka. Iyaye su ce ciwo ya fashe, an huta. Gaskiya ne zafi ya tafi, amma abin da ya fashe dodon kunne ne, watau ƙofar da ke tsare ɗakin tsakiya ta huje. In an kula da shi, aka tsare shi a bushe, hujin yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. In an yi sakaci, nan ne doguwar wahala ke farawa.

Ba mai iya tabbatar da wannan cuta daga waje. Likita ko malamin asibiti yana da wani madubi mai fitila da ya ke leƙa ramin kunne da shi. Dodon kunne mai lafiya fari-fari ne, yana sheƙi. Mai ciwo kuwa ja ne ko rawaya, a kumbure. Kuma duk yaron da ke zazzaɓi a ƙasar sauro, ya kamata a gwada jininsa tare, don ciwo biyu kan haɗu a jiki guda.

Fasali na huɗu, a kan magani

Abu na farko shi ne kashe zafin. Farasitamol yana yi, gwargwadon nauyin yaro, kowace awa 6, kada a wuce abin da aka faɗa. Ibufurofen ma yana yi ga yaron da ya wuce wata 6. Asfirin kuwa ba a ba yara, domin yana iya taɓa musu hanta da ƙwaƙwalwa. A ci gaba da ba shi nono da ruwan sha, a share masa hanci.

Abu na biyu maganin kashe bakteriya. Kafin a same shi, wannan ciwo yana kashe yara da yawa har a ƙasashen Turai, kuma fasa ƙashin bayan kunne don fitar da mugunya aiki ne na yau da kullum ga likitocinsu. Alekzanda Filemin ya gano penisilin a Landan a 1928, aka fara aiki da shi sosai bayan 1940, sa'an nan a 1972 aka fito da ɗan'uwansa amoksisilin, wanda shi ne na farko da a ke ba yaro mai wannan ciwo har yau.

A nan akwai mas'ala. An gane wajen 8 cikin 10 na masu ciwon nan suna samun sauƙi da kansu cikin kwana 3. Saboda haka a ƙasashen da likita ke kusa, in yaro ya wuce shekara 2 kuma ciwon bai tsananta ba, a kan ba shi maganin zafi kaɗai, a jira kwana 2 ko 3 a gani. Amma jariri ɗan ƙasa da wata 6, da ɗan ƙasa da shekara 2 wanda kunnuwansa biyu suka kamu, da wanda kunnensa ke zuba, da wanda zafin jikinsa ya kai 39 a ma'auni, waɗannan ba a jira da su. Ga wuraren da asibiti ke nesa kuma yara ba su da ƙarfin jiki, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ma'aikatan ɗakin shan magani shi ne a ba da amoksisilin sau 2 a rana har kwana 5, a komo a sake dubawa. Wani likita yakan ƙara kwanakin zuwa 10 ga ƙaramin yaro. Hukuncin jira ko bayarwa na wanda ya leƙa kunnen ne, ba na uba ba ne, ba kuma na mai shago ba.

In an fara magani, a cika kwanakinsa ko da yaro ya tashi yana wasa ran na biyu. In kuwa an yi kwana 2 ko 3 ana sha ba sauƙi, a koma, domin akwai ƙwayoyin da suka ƙi wannan magani, sai an sake wani.

Bayan ciwo ya wuce, sau da yawa ruwa mai kauri kamar ƙaro yakan saura a ɗakin tsakiya. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba zuba, amma yaro yana ji kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu. Yawanci yakan bushe da kansa cikin wata 3. In ya wuce haka kuma jin bai dawo ba, likitan kunne yakan yi ɗan huji a dodon kunne ya zuƙe ruwan, ya sa wani ɗan bututu ƙarami don iska ta riƙa shiga. Tun 1954 a ke aiki da irin bututun nan na zamani, kuma yawanci yakan faɗo da kansa kafin shekara ta zagayo.

Fasali na biyar, a kan kunnen da ya daɗe yana ruwa

Idan kunne ya kai kwana 14 yana zuba, ya shiga wani hali dabam. Hujin bai haɗe ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanzu ƙwayoyin cuta daga waje su ke shigowa, cikin ruwan wanka, da ruwan kududdufi, da tsinke, da ƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2004 cewa masu kunne mai zuba a duniya suna tsakanin miliyan 65 da miliyan 330, kuma 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu ƙwarai.

Maganin wannan hali ginshiƙi biyu gare shi, busarwa da ɗigo. Yadda a ke busarwa shi ne, a wanke hannu da sabulu, a sami ƙyalle fari mai tsabta mai shan ruwa, a murza shi kamar lagwanin fitila, a zura a hankali cikin ramin kunne. In ya jiƙe a zare, a sa wani, har ya fito a bushe. A yi haka aƙalla sau 3 a rana. Ba a naɗa shi a kan tsinke, ba a tura shi da ƙarfi. Bayan an busar, sai a sa maganin ɗigo da likita ya rubuta, irin su siprofloksasin, har kwana 14. A kwantar da yaro kunne mai ciwo yana sama, a ɗiga, a danna 'yar tsokar da ke bakin kunne sau da yawa don maganin ya ratsa ciki, ya yi 'yan mintoci kafin ya tashi. Ɗigo a kan mugunya asara ce, don ba ya isa inda ciwo ya ke.

A tsare kunnen daga ruwa. Kada yaro ya shiga rafi ko kududdufi, in za a yi masa wanka a shafa wa auduga man basilin a toshe bakin kunne, in an gama a cire. Wajen alwala a koya masa ya yarfe ruwan yatsunsa kafin ya shafi kunne. In kunne ya bushe amma hujin ya ƙi haɗewa, likitoci suna iya yi masa faci da wata 'yar fata da su ke ɗebowa daga saman kunnen mutumin kansa.

A sani fa ɗakin tsakiyar kunne maƙwabcin ƙwaƙwalwa ne, abin da ya raba su ƙashi ne marar kauri. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta bangonsa ta ratsa. Don haka akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: kumburi mai zafi a bayan kunne har kunnen ya turo gaba, ciwon kai mai tsanani da amai, sanƙarewar wuya, jijjiga, barci mai nauyi da ba a iya tashin yaro, jiri, karkacewar baki ko ido ya ƙi rufuwa, da sarƙewar haƙora, domin cutar da ke sandare jiki tana iya shiga ta kunne mai zuba. Karkacewar bakin nan sau da yawa a kan ce iska ce ta shafe shi, a yi ta turare, alhali mugunya ce ta taɓa jijiya. Haka kuma kunne mai wari ƙwarai da ya ƙi magani, wani lokaci fata ce ta tsiro ciki tana cin ƙashi, ba ta da magani sai aiki. Lissafin nan na 2012 ya ƙiyasta mutum wajen 21,000 ke mutuwa kowace shekara saboda abin da ciwon kunne ya jawo.

Masu wannan aiki suna nan kusa. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Akwai kuma sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Fasali na shida, a kan abin da za a guje wa

Kada a zuba wa kunne abin da likita bai ce ba. Man ja, da man gyaɗa, da ruwan albasa, da tafarnuwa, da ruwan ganye, da turare, da nonon uwa, da kananzir, duk ana zuba su da kyakkyawar niyya. Amma in dodon kunne bai huje ba, ba za su isa wurin ciwon ba, don yana bayan ƙofa. In kuwa ya huje, za su shiga ɗakin da ba a so kome ya shiga, su kai masa sababbin ƙwayoyi, waɗansu su ƙone shi. Har cikin magungunan asibiti akwai masu lahani ga ƙuryar kunne in sun ratsa ta huji, kamar jentamaisin, kuma jin da ya lalace daga ƙurya ba ya dawowa. Kada a sosa kunne da gashin kaza, ko tsinken ashana, ko na tsintsiya. Kada a toshe kunne mai zuba da auduga a bar ta yini guda, wannan tsare mugunya ne a ciki.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai magana ta musamman, tun da sayen magani yawanci a hannun maigida ya ke. Sayen kafso huɗu a tebur maimakon cikakken magani ba rangwame ba ne. Rabin magani yana kashe ƙwayoyi masu rauni, ya bar masu ƙarfi su hayayyafa, gobe a sayi mai tsada ya ƙi ci. A sayi magani inda aka amince, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kada a ɗauki wanda ya yini cikin rana a kan tire. Wanda ke sayarwa kuwa, in aka zo masa da jariri mai kunne na zuba, ribarsa ta gaskiya ita ce ya nuna musu hanyar asibiti. Mai shirin doguwar tafiya kuma ya bar kuɗin magani a gida, ya ba da izinin fita da yaro tun kafin ya tashi, kada a zauna jiransa mako biyu kunne na cin ƙashi.

Fasali na bakwai, a kan rigakafi da haƙƙin mai karatu

Rigakafi ya fi magani. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2. In za a ba shi wani abu a ɗaga kansa, a yi da ƙoƙo ko cokali. A nisanta shi da hayaƙi, mai shan taba ya fita waje, a yi wa madafa taga. A cika masa alluran rigakafi. Allurar numokokas ta shiga tsarin Gana a 2012, ta shiga na Nijeriya da na Nijar a 2014. A Nijeriya ana yin ta a mako 6 da mako 10 da mako 14 na haihuwa, ta ƙyanda kuwa a wata 9, a maimaita a wata 15. Allurar numokokas ba ta kawar da ciwon kunne duka, amma tana rage shi, kuma tana tsare yaro daga ciwon haƙarƙari da sanƙarau da ƙwayar nan ke kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 60 cikin 100 na rashin jin da ke samun yara ana iya hana aukuwarsa.

Saura haƙƙin malami. Karatun allo da kunne a ke ɗaukarsa kafin ido. Yaron da jinsa ya ragu yana jin amon murya, amma haruffa masu taushi su ne farkon abin da ke ɓace masa. Ba zai raba sinun da sadi da sa'un ba, ba zai raba ha ƙarami da ha babba ba, ba don daƙiƙanci ba, sai don a kunnensa duka ɗaya su ke. Balle in an taru ana ɗaga murya gaba ɗaya, nan kam muryar malami takan nutse masa. Gwajinsa mai sauƙi ne. A tsaya bayansa inda ba ya ganin baki, a faɗi kalma a hankali, a ce ya maimaita, a gwada wannan gefe da wancan. In an ga rauni, a zaunar da shi gaba, kunnensa mai lafiya yana wajen malami, a fuskance shi in ana biya masa, a aika wa iyayensa. Almajirin da iyayensa ke nesa kuwa, malaminsa ne uwa da uba, shi zai kai shi ɗakin shan magani.

Kuma a kiyayi mari a kan kunne. Tafin hannu in ya rufe ramin kunne da ƙarfi, iskar da ke ciki ba ta da mafita sai ta bugi dodon kunne, tana iya fasa lafiyayye, balle wanda ciwo ya riga ya raunana.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, a fara da tabbatar da kunnen yana ji. Wanda duk ke da yaro a hannunsa ya jawo shi yau ya duba kunnuwansa, ya tambayi uwarsa, in ya ga ruwa ko ya ji wari kada ya jira ranar kasuwa ta zagayo. Allah ya ba yara lafiya, ya buɗe musu ji da fahimta, amin. Tamat.